Daga Tashar Jiragen Ruwa Zuwa Ƙarƙashin Gado: Yadda Ake Haɗa Ma'ajiya da Katakon Falet

A yawancin ɗakunan kwana na birane, musamman gidajen haya inda magidanci da iyalinsa suke tattare duk abin da suka mallaka a ciki da falo, gado shi ne abin da ya fi cin fili, domin gado mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4 da rabi yana mamaye kimanin murabba'in mita 2 da rabi na ƙasan ɗaki, alhali filin da ke ƙarƙashinsa ko dai an bar wa ƙura da yana, ko kuma an cusa masa buhuna da tsofaffin takalma waɗanda ba a iya jawo su sai an durƙusa an zura sanda. Ajiya a ƙarƙashin gado ba baƙon abu ba ce a ɗakin Bahaushiya, tun da can ake tura adaka da tasoshi da kwanukan da jere bai ɗauka ba. Abin da ya bambanta akwatin da ake magana a kansa a nan shi ne cewa ana yin sa daidai da awon wurin, ana sa masa ƙananan tayoyi domin a jawo shi kamar durowa, kuma ana haɗa shi da katakon falet, wanda ya riga ya gama aikinsa na farko a wata duniyar dabam.

Falet shi ne shimfiɗar katako mai ɗan tudu wadda ake jibge kaya a kanta, aka bar mata kafofi a ƙasa domin injin ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe biyu ya zura su ya ɗauke lodin baki ɗaya, maimakon 'yan dako su riƙa ɗauka buhu-buhu ko kwali-kwali. Amfani da shi ya bazu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da rundunar Amurka take jigilar abinci da makamai zuwa fagagen yaƙi masu nisa, kuma bayan yaƙin sai masana'antu da tashoshin jiragen ruwa suka rungume shi. A shekarar 1961 hukumomin jiragen ƙasa na Turai suka amince da awo guda, wato falet mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 80 da tsayin milimita 144, wanda ake haɗa shi da falankai 11 da guntayen katako 9 da ƙusoshi 78, nauyinsa kuma yana kaiwa wajen kilo 25. Amurka ta riƙe nata awon na inci 48 da inci 40, yayin da a wasu ƙasashen Asiya aka fi sabawa da mai santimita 110 ta kowane ɓangare. Wannan bambanci yana da amfani ga mai shirin haɗa akwati, domin tsawon falankin da zai samu da kaurinsa sun dogara ne ga ƙasar da falet ɗin ya fito.

Kayan da ake shigowa da su Nijeriya ta tashoshin Apapa da Tin Can a Legas, ko waɗanda suke isa Nijar ta Lome, da yawansu a kan falet suke zuwa, kuma da zarar an sauke tayil ko injuna ko kwalayen kaya, sai falet ɗin ya zama nauyi ga mai kayan, saboda mayar da shi ƙasar da ya fito ya fi darajarsa tsada. Shi ya sa ake ganinsa jibge a bayan rumbunan ajiya da unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, daga nan kuma ya gangara zuwa kasuwannin da suka shahara da sake sarrafa tsofaffin kaya, kamar Panteka a Kaduna da kasuwar Katako a Yamai. Buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023 ya ƙara kusanto da wurin buɗe kwantena zuwa arewa. Sai dai ba kowane falet da aka gani a yashe ba ne ya rasa mai shi. Waɗanda aka yi wa shuɗin fenti mallakar kamfanin CHEP ne, wanda ya samo asali daga kayan aikin da sojojin Amurka suka bari a Ostireliya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma haya yake bayar da su, ba sayarwa ba. Akwai wasu kamfanonin da suke yin haka da jan fenti. Waɗannan ko an same su da araha, barinsu ya fi, domin kayan mutane ne, ga kuma fentin da ba a so a ɗakin kwana.

Muhimmin aiki a wannan sana'a yana faruwa ne tun kafin a ɗauki zarto, wato lokacin zaɓen katakon, kuma dalilin a fili yake: akwatin zai zauna ne 'yan santimita kaɗan a ƙasan katifar da mutum yake kwana a kanta kusan sulusin rayuwarsa, a wurin da iska ba ta cika zagayawa ba, cikinsa kuma cike da tufafi da zannuwan gado da za su taɓa fata. Katakon da zai yi daidai da kejin kaji ko shingen lambu ba lallai ne ya dace da nan ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne hatimin da ake ƙonawa ko bugawa a jikin guntayen katakon gefe. Asalin hatimin yana da nasaba da ƙwari, ba da lafiyar mutum ba. A 1996 aka gano wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni ɗan asalin Asiya yana kashe itatuwa a birnin New York, a 1999 aka sami wata ƙaramar tsutsa mai busar da itatuwan fayin a Fotugal, sannan a 2002 wani koren ƙwaro ya bayyana a jihar Michigan ya shiga halaka itatuwa miliyoyi, kuma bincike ya nuna cewa irin waɗannan baƙi a cikin katakon ɗaure kaya suke ƙetare teku. Saboda haka a 2002 ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, wadda take ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai mazauni a birnin Rum, suka fitar da ƙa'idar da aka sani da ISPM 15, wadda ta wajabta kashe ƙwarin da ke cikin katakon ɗaure kaya kafin ya tsallaka iyaka. Hatimin yana ɗauke da hoto mai kama da zangarniyar alkama tare da haruffan IPPC, sai haruffa biyu na ƙasar da aka yi aikin, kamar CN na Sin ko DE na Jamus ko IN na Indiya, sai lambar kamfanin da ya yi, daga ƙarshe kuma haruffan da suke bayyana hanyar da aka bi.

Haruffan ƙarshen su ne abin lura. Idan aka ga HT, ma'anarsa an gasa katakon a ɗakin zafi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 a ma'aunin Salshiyas na tsawon aƙalla minti 30, ba tare da an sa masa wani magani ba, kuma irin wannan ne aka fi so. Haruffan KD, waɗanda sukan zo tare da su, suna nufin an busar da katakon a tanda, abin da ke rage masa motsi daga baya. Idan kuwa MB aka gani, to an turara shi ne da iskar metil buromayid, wadda guba ce mai ƙarfi ga ƙwari da mutane, kuma tana cikin sinadaran da suke lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, dalilin da ya sa aka sa ta cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar Montreal ta 1987 take taƙaitawa, Tarayyar Turai kuma ta daina amfani da ita a 2010. Gaskiya ne cewa iska ce, kuma mafi yawanta yana tashi bayan an shanya katakon, amma tun da ana samun mai HT a wuri guda kuma a farashi guda, babu hujjar kai mai MB ɗakin kwana, haka nan ba a hura wutar girki da guntayensa.

A nan ne kuma mutane da yawa suke yin kuskure, domin suna ɗaukar hatimin HT a matsayin takardar shaidar tsabta, alhali bai faɗi komai ba game da abin da ya faru da falet ɗin bayan ya bar ɗakin gashi. Mai yiwuwa ya yi wata shida a ƙarƙashin gangunan maganin feshi, ko buhunan takin zamani, ko batiran mota, ko kwalayen daskararren kifi da suka narke a hanya, kuma katako yana shan ruwa ya riƙe. Abin da ya sami kamfanin Johnson & Johnson a Amurka a ƙarshen 2009 da farkon 2010 ya nuna iyakar yadda wari yake tafiya: kamfanin ya janye tarin maganin Tylenol daga kasuwa bayan masu saye sun yi ƙorafin warin ruma da tashin zuciya, kuma ya danganta matsalar da wani sinadari da ya samu daga maganin da aka shafa wa falet ɗin da aka ajiye kwalaben a kai. Idan wari zai iya ratsa kwalbar magani, to zanen gado ba zai gagare shi ba. Don haka ido da hanci su ne alƙalai na biyu bayan hatimi, kuma duk falet mai tabon mai, ko farin gari da ya daskare, ko launin kore-kore da ke nuna an jiƙa shi da maganin hana ruɓa, ko baƙin tabon fumfuna, ko warin da ba na itace ba, sai a wuce shi. Wanda ya ɗauko tayil ko takarda ko kayan gini busassu ya fi kwanciyar hankali, kuma tambayar mai rumbun abin da aka sauke daga kansa ba ta cin kuɗi. Falet da aka yi domin amfani a cikin ƙasa sau da yawa ba shi da hatimi ko kaɗan, tun da ƙa'idar ta shafi ƙetare iyaka ne kawai. Rashin hatimin ba laifi ba ne a kan kansa, amma yana nufin dole a ƙara duba ƙananan ramuka masu zubar da garin katako, waɗanda alama ce ta ƙwaro yana ci daga ciki.

Bayan zaɓe sai wanki da shanya. Ana wanke falankan da ruwan sabulu da buroshi mai tauri, a jingine su a rana ta yadda iska za ta bi kowane ɓangare, sannan a shigar da su inuwa su huta na mako biyu ko fiye kafin a fara yanka. Wannan jira yana da tushe a ɗabi'ar katako, wanda yake shan laima daga iska yana kuma sakinta har sai ya daidaita da wurin da yake. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda ake samu a bakin teku ko a tsakiyar damina, ruwan da ke cikin katako yana tsayawa a wajen kashi 16 cikin 100 na nauyinsa, amma idan hunturu ya busa laimar ta sauka zuwa kashi 20, sai ya koma ƙasa da kashi 5. Katako ba ya raguwa ta tsawonsa sai ɗan abin da ba a lura da shi, amma ta faɗinsa yana tsukewa sosai, har falanki mai faɗin santimita 10 yana iya rasa milimita 2 zuwa 3 tsakanin Agusta da Janairu. Falet da ya baro Legas jiya, aka haɗa akwati da shi yau a Katsina ko Damagaram, zai buɗe baki a kowace mahaɗa kafin hunturu ya wuce, kuma wanda aka matse shi gam a tsakiyar hunturu zai kumbura ya banƙare idan ruwa ya sauka.

Kwance falet shi ne ɓangaren da ya fi cin ƙarfi da haƙuri, saboda ƙusoshinsa ba irin na kafinta na yau da kullum ba ne; masu murɗi ne ko masu zobba a jiki, an yi su musamman domin kada su zare ko da an yi ta jifa da lodin. Wanda ya sa ƙarfen ɓamɓara ya danna da ƙarfin tsiya zai tsage rabin falankan. Hanya mafi sauri ita ce a yanke falankin da zarto a gefen kowace mahaɗa a bar wurin ƙusoshin, amma a falet na Turai guntayen da za a samu ba za su wuce santimita 38 ba, wanda bai isa gefen akwati ba. Hanya ta biyu ita ce a kifa falet ɗin, a tokare falankin da ake so a kan guntayen katako biyu, a riƙa bugun abin da yake riƙe da shi da guduma a hankali har ya saki, ana sauya wurin bugu domin nauyin ya rarrabu. Hanya ta uku, wadda ta fi tsirar da katako, ita ce a ɗan buɗe tsakanin falanki da gindinsa, a zura ruwan zarton ƙarfe a yanke ƙusoshin, sannan a juya falankin a fitar da kawunansu da wani siririn ƙarfe da guduma. Duk hanyar da aka bi, wajibi ne a bi kowane falanki da maganaɗisu, domin guntuwar ƙusa guda da ta ɓuya tana iya karya bakin injin gyaran katako, kuma masu injin a kasuwa sukan ƙi karɓar katakon falet saboda wannan dalili. Safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe ba ado ba ne a wannan aiki, kuma wanda ƙusa ta soke shi sosai ya kamata ya je asibiti a duba batun allurar tetanos, cutar da ke sa haƙora su sarƙe, maimakon ya tsaya ga ɗiga man birki a ciwon.

Gugar falankan da samfefa ana fara ta da mai kaushi, lamba 60 ko 80, a ƙare da lamba 120, ana bin tsawon katakon ba a gicciye ba, kuma a waje ake yi da takunkumi a hanci, saboda ƙurar katako tana cutar da hanyoyin numfashi, har hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanci ga masu daɗewa suna shaƙarta. Gefen da zai kalli cikin akwatin shi ya fi buƙatar laushi, domin sartse guda ya isa ya ja zaren leshi mai tsada.

Awo yana farawa ne daga gado, ba daga katako ba. Ana auna tazarar da ke tsakanin ƙasa da mafi ƙanƙantar wuri a jikin gadon, wanda galibi shi ne katakon gefe, kuma ana aunawa a wurare uku ko huɗu, domin simintin ɗaki ba safai yake zama daidai ba, gado kuma yakan ɗan lotsa a tsakiya idan an hau. Ana duba ko akwai ƙafar tsakiya da za ta tare hanya, a kuma auna filin da ke tsakanin gado da bango ko kabad, tun da akwati mai zurfin santimita 60 yana buƙatar aƙalla wannan fili kafin ya fito gaba ɗaya, ban da wurin da mai jawowa zai tsuguna. A ɗauka tazarar ƙarƙashin gadon santimita 25 ce. Idan tayoyi sun ci santimita 5, gindin akwatin ya ci 2.2, gefensa kuma falanki guda ne mai faɗin 14.5, jimillar ta zama 21.7, wato an bar wajen santimita 3 domin murfi da iska da kuma lotsawar gado. Wannan ragowar ba asara ba ce, domin katifar soso tana tara gumin mai kwana, kuma ta ƙasa take sakin wani ɓangare nasa. Idan aka toshe ƙarƙashin gado ƙam, damina ɗaya ta isa a ga fumfuna a bayan katifa.

Akwati mai tsawon santimita 80 da zurfin 60 awo ne mai albarka saboda dalilai biyu. Na farko, guda biyu suna shiga gefen gado mai tsawon ƙafa 6 cikin sauƙi tare da barin wurin ƙafafun gadon. Na biyu kuma lissafi ne: idan kusurwoyinsa sun miƙe daidai, tazarar da ke tsakanin kusurwa da wadda take fuskantarta a gicciye za ta zama santimita 100 cif, don haka da tef ɗin awo kaɗai ake gane ko akwatin ya karkace, ba sai an nemi sukwayar kafinta ba. Cikinsa yana ɗaukar kusan lita 60, kwatankwacin jarka uku masu cin lita 20, nauyinsa kuma idan da katako mai taushi aka yi shi bai cika wuce kilo 10 ba. A bisa takarda falet ɗaya na Turai ya isa akwati ɗaya, domin falankansa huɗu masu faɗin santimita 10 idan aka raba kowanne biyu suna ba da guda takwas masu tsawon 60, waɗanda suke rufe gindin daidai, masu faɗin 14.5 kuma su zama gefuna. Amma a aikace tsagewa da ramukan ƙusa suna cinye kaso mai yawa, kuma yawancin falet ɗin da ake samu a kasuwa na tafiya ɗaya ne, masu sirantar falanki, saboda haka lissafin falet biyu ga kowane akwati ya fi kusa da gaskiya.

Wajen haɗawa, raunin akwatin yana kusurwoyinsa ne. Bakin falanki, inda aka yanke shi a gicciye, yana shanye gam ba ya riƙewa, ƙusar da aka buga a cikinsa kuma tana zarewa da ja na yau da gobe, musamman a gefen gaba inda mariƙi yake. Maganin wannan shi ne a tsayar da ɗan guntun katako mai kaurin santimita 4 ta kowane gefe a cikin kowace kusurwa, a ɗaure falankan biyu a jikinsa da farin gam na kafinta da sukuru, ta yadda kowane sukuru zai shiga katakon ta gefe. Tsohon katakon falet busasshe ne mai saurin tsagewa, don haka ana fara huda ramin da ya ɗan fi sukurun siranta kafin a murɗa shi, kuma ba a kusantar bakin falanki da ƙasa da santimita 2. Gindin ana jera shi ta gajeren ɓangare, wato falankan su bi tsawon santimita 60, saboda gajeren falanki ba ya lanƙwasa da nauyi, kuma a nan ba a sa gam tsakanin falanki da falanki, sai dai a bar tazarar milimita 2 ko 3 idan a rani ake aikin, domin katakon ya sami wurin kumbura. Wanda yake so ya rage nauyi da tsayi yana iya sayen filawud mai kaurin milimita 9 ya yi gindin da shi, kuma ko da hakan ya rage wa aikin sunan "na falet zalla", ya fi rufe hanyar kyankyaso.

Batun tayoyi ya dogara ga irin ƙasan ɗakin. Tayoyin da suke juyawa ta kowace fuska suna da daɗin turawa a fili, amma a ƙarƙashin gado sukan karkata su kai akwatin ya bugi ƙafar gado ko ɗan'uwansa, don haka waɗanda suke tafiya gaba da baya kawai sun fi dacewa da abin da aikinsa shiga da fita ne. A kan tayil da siminti mai santsi tayar roba ta fi shiru, a kan ledar ɗaki kuma ƙaramar taya mai tauri tana tattare ledar har ta yage ta, sai a nemi mai faɗi. Inda ƙasan ɗakin daɓe ne, taya tana nutsewa, kuma ya fi kyau a ɗaura siraran katako biyu a gindin su zama abin silalawa. Idan tazarar gadon ta yi kaɗan, ana iya ɗaure tayoyin a jikin gefen akwatin ta ciki, a yanke musu kafa a gindi, su leƙo ƙasa da santimita 1 kacal, abin da ke ceto wajen santimita 4 na tsayi. Mariƙi kuwa igiya mai kauri da aka zura ta ramuka biyu aka ƙulle ta ciki ta wadatar, kuma ba ta bugun ƙaurin mai wucewa da dare kamar yadda mariƙin ƙarfe yake yi.

Murfi ba abin rainawa ba ne a ƙasar da hunturu yake shigo da ƙura ta kowace kafa. Siririn filawud da aka ɗora a sama, ko yadi mai kauri da aka ɗaure a gefen baya ana ja a rufe, duk suna aiki, kuma sun fi murfi mai nauyi da ake buɗewa kamar ƙyaure, wanda ba ya buɗuwa sai an fito da akwatin gaba ɗaya, ga kuma haɗarin datse yatsun yara.

Akwai al'adar shafa wa katako baƙin man mota domin hana gara, wadda take da wurinta a rufin kwano ko turken shinge, amma ba ta da wuri a ƙarƙashin gado, saboda wari da dattin ƙarfen da man ya kwaso daga inji. Akwatin da yake tsaye a kan tayoyi, ana kuma motsa shi kowane mako, ba ya ba gara damar gina hanyarta. Abokin gabar da ya fi dacewa a ji tsoro shi ne kuɗin cizo, wanda yake son tsaga da rami kusa da inda mutum yake kwana, kuma tsohon falanki cike yake da ramukan ƙusa. Ana toshe su da garin katako da aka kwaɓa da gam, a goge idan ya bushe, sannan a shafa banish ko fenti mai haɗin ruwa sau biyu ciki da waje, a bar akwatin a inuwa mai iska har warin ya gushe kafin a zuba masa kaya. Shafa duka fuskokin biyu yana da dalili, domin falankin da aka rufe gefensa ɗaya kawai yana shan laima ta ɗayan, sai ya lanƙwashe.

Abin da ake zubawa a ciki ma yana da ƙa'ida. Barguna da rigunan sanyi da suke jiran hunturu, zannuwan gado, takalma, littattafan makaranta na ajin da ya wuce, duk wurinsu ne, muddin sun bushe sarai kafin a ajiye. Hatsi da duk wani abin ci suna gayyato ɓera zuwa ƙasan katifa, kananzir da maganin ƙwari kuma ba a ajiye su inda yaro mai rarrafe zai jawo. Ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin kaya saboda asu suna buƙatar faɗakarwa ta musamman, domin yawancin waɗanda ake sayarwa sinadarin naftalin ne, wanda yake fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu wata larura ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, larurar da take da yawa a Afirka ta Yamma, kuma likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna danganta shi da mummunar shawara ga jarirai sababbin haihuwa. Kayan jariri da na mai jego ba a haɗa su da kafur, kuma a ɗakin da jariri yake kwana gara a dogara ga wanki da shanya a rana da murfi mai rufuwa.

Ta fuskar kuɗi, katakon ne kaɗai mai araha a cikin aikin, domin tayoyi huɗu da sukuru da gam da samfefa da banish duk saye ake yi, kuma kwance falet biyu da goge su yana iya cinye yini guda na mutumin da bai saba ba. Wanda zai biya kafinta ladan wannan yini zai iya tarar da cewa sabon falanki daga 'yan katako bai fi tsada da yawa ba, musamman idan akwati ɗaya kawai yake so. Ribar tana fitowa ne ga mai yi da hannunsa, ko ga kafintan da yake sayen falet da yawa a lokaci guda, ya kwance su a ranakun da aiki ya yi sauƙi, ya jera falankan a inuwa da 'yan sanduna a tsakaninsu su bushe, ya ware masu faɗi domin gefuna da masu tabo domin gindi. Haka kuma yawancin gadajen zamani da ake yi wa amare suna sauka har ƙasa ba su bar kafa ba, saboda haka wanda yake son irin wannan ma'ajiya gara ya faɗa wa kafinta tun lokacin da ake yanka katakon gadon, a ɗaga gefensa santimita 25 daga ƙasa, a kuma matsar da ƙafar tsakiya zuwa inda ba za ta tare akwatunan biyu ba.